Filin Kawu Labaran

Duk wanda ya zauna Salaga zamanin da lori ta fara shigowa, ya san Kawu Labaran ba ya alwala a gida. Da an kira salla zai ɗauki buta, ya ratsa filin bayan masallaci yana leƙen 'yan itatuwan da ya dasa, ya zaɓi wanda ya fi jin ƙishi, ya tsuguna a gindinsa. Wai ruwa ɗaya, lada biyu. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gefen filin na yi aure, a gindin ɗorawa na tsufa ina sayar da koko, don haka babu abin da ya wuce ni.

Filin nan zangon fatake ne tun zamanin mahaifinsa. Kowa ya gine nasa gadon, Kawu ya ce nasa na iska ne da yara da jakuna.

Baƙo ma bai tsira ba. Wani malami ya zo daga Yendi, babban mutum da rawani, aka kawo masa butar alwala a zaure. Kawu ya sure butar ya yi gaba. Malam na biye da shi har ƙarshen fili, wurin wani ɗan mangwaro da ya langaɓe.

"Malam Labaran, za a ta da salla fa!"

"Allah gafarta Malam, ai ruwanka ya fi nawa albarka. Wanke ƙafar nan da kyau, ta ɓangaren saiwa."

Raka'a ɗaya suka samu. Mangwaron kuwa ya rayu, har yau Malam ake ce masa.

Sai Madugu Isa, attajirin goro, wanda ya yi ƙiba har ba ya ganin takalminsa. Ya zo yana nishi, wai jiki ya yi nauyi, barci ya gagara. Kawu ya ce yana da magani, amma a gindin kukar can ƙarshen fili ake karɓa, da sassafe, kuma ba a zuwa kan doki. Madugu ya je, Kawu ya ce yau ganyen bai nuna ba, ya dawo gobe. Gobe ma haka. Har damina ta wuce mutumin nan yana safa da marwa, tumbi na zubewa. Ran nan ya fusata.

"Labaran, wai ina maganin?"

"A'a! Ka shanye shi da ƙafarka kana tambayata?"

Mu masu koko muka yi dariya har na ƙona hannu.

Rigimar gaske da ɗansa Sule aka yi ta. Sule ya dawo daga Kumasi da idon kasuwa, ya ce filin banza ne, kanti zai gina da wurin tsayawar lori. Ya samu sarkin zango ya amince. Gaskiya mu ba mu so ba, don in an gine, ni da sauran mata ba mu da wurin kasa kaya.

Kawu ya ce, "Sule, masu shanun Bawku ina za su kwantar da dabbobinsu? In suka tsaya Yendi, wa za ka sayar wa? Kuma ruwan saman da filin nan ke sha, ka zaci ina yake zuwa? Rijiyar uwarka!"

"Baba, duniya ta ci gaba."

"To ta ci, mu muna nan a inuwa."

Sule ya kawo magina suka auna, suka kafa turaku, suka ce sai bayan damina. Kawu ya ƙyale su, har muka yi zaton ya saduda. Ashe tumɓuke turakun ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa matarsa ta yi tuwo da su, ya maye gurbinsu da rassan ceɗiya. Ceɗiya kuwa ko a kan dutse ka soka ta sai ta kama. Da magina suka dawo, sai ga turakunsu sun yi ganye shar! Babbansu, wani Badagombe mai tsinton Hausa, ya ja da baya.

"Kai, Sule, wannan wuri yana da mai shi. Ni ba ya taɓa!"

Kawu na gefe yana jan carbi, ya ce, "Ikon Allah! Ni ma na yi mamaki." Tsoho da furfura, ko kunya babu.

Sule ya gane, ya yi fushi, ya daina gaishe shi sai daga nesa. Wannan ya ci Kawu a rai, na sani, don na sha ganinsa yana bin bayan ɗan nasa da kallo. Amma bai janye ba, Sule ma bai fasa ba. Kowa ya san jira yake tsohon ya kau.

Da ciwon ajali ya kama Kawu, ya ce a fitar da shi waje, ɗaki ya yi masa kaɗan. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tukunyata. Sule ya zo ya durƙusa.

"Baba, kowa ubansa ya bar masa gini. Ni me ka bar mini?"

Kawu ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Na bar maka inda za ka sa mutanena."

Ba mu gane ba sai washegari, wurin jana'izarsa. Jama'a suka ɓarke, fatake da masu shanu da mutanen ƙauyuka, masallaci bai ɗauki ko kwatansu ba. A filin aka yi sahu, daga ɗorawa har kuka. Ina leƙe ta katanga na ga Sule ya waiwaya ya dubi sahun nan, ya rufe fuska da hannun riga. Kantinsa can bakin hanya ya gina shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Labaran, Ya yafe masa ƙaryar turaku. Bai yarda an ƙuntata mana ba, ya Allah kada Ka ƙuntata masa kabarinsa.