Ƙosan da Nake Mayarwa Gida

Shekarar da na rasa aikin koyarwa, wani kamfanin jimar fata a Challawa ya ɗauke ni in riƙa koya wa leburorinsa Turanci bayan la'asar, idan masu aikin safe sun tashi. Manaja bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in ajin ya watse, ni ma na watse. Ga matata da tsohon ciki a Panshekara, don haka na riƙe ajin nan hannu bibbiyu.

Mutum ashirin na fara da su, yawanci daga ƙauyukan Jigawa da Nijar. Da muka zo darasin abin da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa, sai na ga ai abinci ya fi saurin shiga kai. Kullum in tsaya bakin titi in sayi ƙosai da dafaffen ƙwai, in ɗebo shinkafa a kofi daga gida, in jera a kan tebur. In ɗaga ƙosai ɗaya bayan ɗaya, "one, two, three", in nuna shinkafa in ce wannan ba a ƙirga ta. Da an tashi sai in ƙulle kayana a leda in tafi da su. Ni a ganina dabara na yi, har ina yaba wa kaina.

Sai aji ya fara raguwa. Sati na biyu saura goma sha uku, na uku saura bakwai. Waɗanda suka rage ma ba sa kallon tebur, kowa ya sunkuyar da kai. Na rasa gane kansu. Na ɗauka sauri nake yi, na rage. Na ɗauka ƙosai ne ya gundure su, na koma waina. Na taɓa yin fushi har na buga tebur na ce su buɗe baki, ai ba gawa nake koya wa ba. Abin dai bai canza ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram, mai jan fatu a wajen wanki, hannuwansa duk sun tsattsage. Bai taɓa fashi ba, amma ko sau ɗaya bai yarda ya ƙirga ba. In na miƙa masa farantin ƙosai don ya ƙirga sai ya ce, "Malam, a wuce ni."

Wata Alhamis bayan an tashi ya tsaya. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci, gero ne wajen rabi, ya ajiye a gabana.

Na ce, "Baba, wannan na mene ne? Darasi za a yi da shi?"

Ya ce, "Naka ne. Mu muka haɗa, har da waɗanda suka daina zuwa."

Na ce, "Laifin me na yi muku suka daina zuwa?"

Ya ce, "Ba laifi ba ne, kunya ce. Mun fito aiki tun asuba, ka ajiye abinci a gabanmu, ba ka taɓa cewa bismilla ba. Ka ƙirga, ka sake ƙirgawa, ka mayar gida. A wajenmu ba mai yin haka sai wanda yunwa ta shiga gidansa. Ka ga ai ba ma iya zama mu zuba maka ido."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na tuna cewa ƙosan nan da shi matata take shan kunu da magariba, shinkafar kuma cikin kwano nake juye ta. Kunya ta rufe ni, ban san ko godiya zan yi ko musu ba.

Ran Litinin na zo da ƙwai da ƙosai, na ajiye, na ce bismilla. Dattijon ne ya fara miƙa hannu. Da aka cinye muka ƙirga ɓawon ƙwai, shi ma ya ƙirga da ƙarfi. Kafin ƙarshen wata benci ya sake cika, manaja ya leƙo ya wuce abinsa.

Geron nan da shi aka dama kunun sunan ɗiyata.