Ashe Masu Gadin Masarata Nake Murjewa

Ina durƙushe a gonata ta Nahuce, ina murje wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a jikin tsutsar masara, sai malamin gona ya riƙe mini hannu.

"Alhaji, mi kake yi haka?"

"Ƙwan tsutsa nake kashewa, Malam."

"Ba nata ba ne! Ɗiyan wani ƙwaro ne, dangin zanzaro. Bai fi sauro ba, ga siririn ƙugu. Cikin tsutsar yake zuba ƙwai, ɗiyan su cinye ta, sannan su fito su naɗe kansu cikin fararen ƙwayoyin nan a jikinta."

Nan take na saki tsutsar. Damina uku ina kashe masu tsare mini masara, har maƙwabta na koya wa!

Jama'a, da wane baki zan koma in gaya musu?