Bangon Kwalin Safiyanu

Shekara goma sha ɗaya Safiyanu ya yi yana ɗaure kaya a wani sito bayan kasuwar Murshid Bazaar a Dubai. Mutumin Tasawa ne, daga Nijar. Rubutunsa na da kyau, saboda haka shi yake rubuta sunan mai kaya da garinsu a jikin kowane kwali.

A shekara ta bakwai zazzaɓi ya ɗauke 'yarsa Balki, tana da shekara tara. Fasfonsa na wurin sabunta biza, aka binne ta a Tasawa ba ya nan. Bayan kwana uku ya yanki gefen kwali, ya rubuta sunanta da garinsu da ranar rasuwarta, ya liƙa a bangon da suke salla kusa da shi. Ɗanladi direba ya gani, ya ce a rubuta masa na mahaifiyarsa. Hajiya Barira mai sarin atamfa ta kawo na mijinta. Cikin shekara huɗu sunaye suka kai sittin da uku, duk na waɗanda aka binne a gida masu su suna Dubai.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai a ja ƙofar sito, a dafa shayi. Dikko, abokin aikinsa, yana kaɗa gurmi a hankali, wani ya nuna kwalinsa ya ba da labarin mutumin. Ba wa'azi ake yi ba. Abin da mamacin yake son ci ake faɗa, da irin faɗansa. Safiyanu sau ɗaya ya yi magana, ya ce Balki ba ta yarda da takalmi.

Bara ne Kamal, ɗan ƙanen Hajiya Barira, wanda ya karanci zane a jami'a, ya zo neman aron bangon. Za a yi baje kolin zane-zane a kan 'yan Afirka mazauna unguwar Deira.

"Baba Safiyanu, sati biyu kawai, khalas, shi ke nan."

"Za a karanta sunayen?"

"Wallahi har Larabawa sai sun iya faɗin Tasawa."

Mutane suka yi ta jan ƙafa. Safiyanu ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya tsaya wa yaron. Da hannunsa ya cire kwalayen.

Ranar buɗewa ya sa shaddarsa, Ɗanladi ya kai shi. Gurmin Dikko na fitowa daga lasifika. Bangon na nan, ya ma fi na da girma, sai dai hotunan fanka da butar lantarki da rubutun Sin ne ke kallon jama'a. An juya kowane kwali, an manne fuskar rubutun da katako.

"Kamal, ina sunayen?"

"Suna ciki, Baba. Ai ma'anar ke nan, mutanen da ba a gani. Mai wurin ta ce wannan gefen ya fi ɗaukar ido."

"Juyo min na Balki."

"Gam ɗin mai ƙarfi ne. In an ɓanɓare yagewa zai yi."

"To nuna min wanne ne."

Kamal ya dubi bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Wata Baturiya ta kira shi, ya ce yana zuwa, ya tafi.

Safiyanu ya matsa kusa. Ya san na Balki daga kwalin fanka ya yanko shi. Ya ƙirga na fanka, goma sha huɗu ne. Yana tsaye sai Ɗanladi ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Safiyanu, kai ka ce mu bayar. Ina Innata?"