Zanin Gadon Malam Karo

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Karo, sunan kuwa ya bi shi har ritaya. Malamin kimiyya ne mai ɗan banzan tsauri, amma akwai darasin da ke mayar da shi yaro. Sai ya zo da zanin gado daga gida, ɗalibai huɗu su ja kusurwoyin ya ɗame, ya gangara ƙwallayen ƙarfe biyu a kai. Nauyinsu ya lotsa zanin, su yi ta zagaya juna, suna matsowa suna ƙara gudu, har su gwabza.

"Haka matattun taurari biyu suke yi," in ji shi. "Kowacce ba ta wuce faɗin gari guda ba, amma ta fi rana nauyi. Zagayen yana girgiza sararin samaniya, yana cinye musu ƙarfi, dole su matso. Ran da suka haɗu, har zinariya ake samu."

Yanzu matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa. A unguwar da ya koma, gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da mutane. Kaɗaici na cinsa, amma mutum ne da ko ashana ba ya iya roƙa.

Rannan jikarsa ta kira shi a waya. "Tsoho, wai taurari suna karo?"

"Amarya, ai kin zo gidansa! Ran Asabar ki kira ni ta bidiyo, ki gani da idonki."

Asabar da hantsi ya fita neman masu riƙe masa zani. Ya tsaya gaban shagon tela, ya buɗe baki, sai ya ɓige da tambayar ya aiki, ya wuce. Wajen mai gyaran waya ma haka. Ya dawo ya ɗaure kusurwa ɗaya a ƙarfen taga, ɗaya a marikin ƙofa, ɗaya a kujerar da ya danne da littattafai. Ta huɗu ya riƙe da hagu. Wayar ya jingine ta da kofi, ya zauna jira.

Sai da la'asar wayar ta yi ƙara. 'Yarsa ce.

"Baba, ka yi haƙuri. Tun jiya ta gani a intanet, ta fita wasa."

"Ba komai. Ya yi kyau dai?"

"Sosai, har da kala."

Da ta kashe, ya miƙe ya gangara ƙwallayen duk da haka. Suka zagaya, suka matso, suka gwabza, ƙas!

"To, ku saki haka nan," ya ce, bai ɗago kai ba. "Na san hannuwanku sun gaji."