Ko Ana Hango Gal'a Daga Rijiya

A arewa da Makka akwai wani tsohon gidan tsaro bisa tsauni, gal'a muke ce masa. Tun ina yaro a unguwar Hindawiyya ta Makka nake shan labarinsa wurin mahaifina. Wai aljanu suka gina shi, wai duk maniyyacin da ya mutu yana hango shi an rubuta masa ya iso Makka.

Da na fara karatu sai na riƙa yi masa gardama. "Baba, wannan magana ba ta da asali."

"To, malam," kawai yake cewa.

Sai daga baya na gane abin da ke cinsa. Yana ɗan shekara bakwai suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, za su Hajji. Mahaifiyarsa ta rasu a bakin rijiyar da ke kusa da tsaunin, kanta a cinyarsa. Kuka yake yi, bai ɗaga kai ya duba ba. Bai san ko daga nan ana hango gal'ar ba.

Kullum burinsa ya koma wurin ya duba. Da can ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya iya wuce shingen 'yan sanda. Da ya samu, ni da nake tuƙa tasi na dinga cewa sai bayan Hajji, yanzu akwai fasinja. Hajji biyar na ja shi, har idonsa ya tafi. Wannan har yau yana ƙona mini rai.

Ranar da muka je, wani makiyayi ya nuna mana rijiyar. Ta ƙafe, robobin ruwa ne cike a ciki. Baba ya shafa bakinta, ya ce ita ce.

"Ɗaga kanka. Ana hangowa?"

Na duba. Wani tudu ya tokare, ko dutse ɗaya na rusasshen ginin ba a gani. Na yi gyaran murya.

"Ana hangowa, Baba. Ga ta can, waɗiha, a fili."

Ya ce alhamdu lillahi, ya daɗe yana addu'a. Muka koma mota.

Mun kusa unguwar Rusaifa, Baba ya dafa gwiwata. "Tun kana ƙarami, in za ka yi ƙarya sai ka yi gyaran murya."

Na rage gudun motar.

"Ba laifi. Yanzu faɗa mini abin da littafinka ya ce a kan mahaifiyata."

Na ce wanda ya fito da niyya ya mutu a hanya, ladansa yana wurin Allah. Ya karkato kunnensa wajena, ya ce in maimaita.