Malam Aƙilu Muntasir, Bakaniken da Ya Sa wa Babur Kalape

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Aƙilu a shekarar 1964 a Zangon Sokodé. Mahaifinsa, Alhaji Muntasir, dillalin shanu ne da asalinsa ya zo daga ƙasar Nijar, mahaifiyarsa kuwa Hajjo, 'yar garin ce. Shi kaɗai ne ya rayu daga cikin 'ya'yanta, saboda haka tun yana ƙarami ya saba da zaman kaɗaici. Ya yi karatun allo a unguwarsu, a 1971 kuma aka sa shi lekol, wato makarantar boko, inda ya kammala firamare a 1977. Bai zarce ba, domin a wannan shekara Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa.

Koyon sana'a da aure

A 1978 aka danƙa shi ga wani bakanike mai suna Huseini, ya zauna a garejinsa har 1986, lokacin da ya sami 'yanci ya kafa tasa rumfar a bakin hanyar da ta nufi Kparatao. Mutum ne marar yawan magana, kuma a iya sanin jama'a amininsa ɗaya ne tak, wato Awaisu, wani falken doya mutumin Kparatao, mai barkwanci da son hira. Awaisu ne ya shige masa gaba wajen neman auren Raudatu, ƙanwar shi Awaisun, aka ɗaura a 1990, Allah kuma ya albarkaci auren da zuriya.

Aikin kalape

Daga shekarar 2000 sababbin babura masu kwanon baƙin mai suka fara cika gari, 'yan zemijan, wato masu haya da babur, suka koma kansu. Matsalarsu ita ce yoyon mai. Malam Aƙilu ya lura cewa duk lokacin da fistan ya sauko yakan matse iskar da ke cikin kwanon inji ta fita ta wani siririn tiyo, idan ya hau kuma sai ya zuƙo wata ta wannan tiyo, tare da ƙasa da danshin hanya. Wannan kai-komo shi ke gajiyar da robobin da ke tare mai, ya kuma gurɓata man kansa.

A 2006 ya samo wani ɗan ƙarfe daga tiyon birkin tsohuwar mota, wanda makanikai ke kira kalape, mai barin iska ta wuce gaba amma ba ta komo ba. Ya ɗaura shi a kan tiyon babur ɗinsa, yoyo ya tsaya, mai ya riƙa daɗewa bai yi baƙi ba. Mutum na farko da ya yarda a sa wa nasa shi ne Awaisu, wanda ya riƙa yayata aikin surukinsa a kasuwanni, har rumfar ta zama ba ta rabuwa da layin babura.

Hatsarin hanyar Blitta

A watan Agustan 2008, lokacin sabuwar doya, Awaisu ya ɗauki kaya ya nufi Blitta. A wata kwana babur ya zame da shi, ya rasu nan take. Jandarmomi sun ce hatsari ne irin na damina. Amma da aka kawo babur ɗin gida, Malam Aƙilu ya ga tayar baya jiƙe da mai, ya kwance injin, ya tarar kalape ya toshe da dauɗa, robar da ke tare mai kuma ta fita daga mazauninta. Ko toshewar ce ta fitar da robar mai ya zuba wa taya, ko kuwa faɗuwar ce ta fitar da ita, wannan babu wanda ya iya tabbatarwa, har shi kansa.

Bai ɓoye abin da ya gani ba. Ya faɗa wa matarsa, ya kuma je Kparatao ya faɗa wa surukarsa Daada, wadda ta saurare shi har ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki. Labari ya bazu a Zango. 'Yan zemijan suka riƙa cire kalape da kansu suna ajiyewa a ƙofar rumfarsa, masu gaisuwa suka ragu, a masallaci ma sai a bar ɗan fili a gefensa. An ruwaito cewa bayan sadakar arba'in Raudatu ta ce masa, “Malam, ban ce kai ne ba, kuma ba zan ce ba. Amma in na dube ka Yaya nake gani, ka yi mini haƙuri.”

Ƙaura zuwa Dapaong

A farkon 2009 ya rufe rumfar ya tafi Dapaong shi kaɗai. Auren bai mutu ba. Raudatu ta zauna a Sokodé da yara tana zuwa Kparatao kula da mahaifiyarta, shi kuma yana aiko da abin masarufi, yana zuwa Babbar Salla ya koma. Ya kama ɗaki a bayan kasuwa, ya kafa rumfa ƙarƙashin wata darbejiya, yana dafa wa kansa, yana wanke wa kansa. Har 2013 bai taɓa ambaton kalape ga kowa ba, faci da gyaran birki kawai yake yi.

Sai dai tunanin bai bar shi ba. A wannan shekara ya sake tsara aikin: ya ɗaga kalape sama da injin, ya sa wani ɗan gwangwani a gabansa da zai tare mai da dauɗa, sannan ya ƙara wata ƙofa ta biyu mai sifirin wadda za ta buɗe da kanta idan ta farkon ta toshe. Ya shekara yana gwadawa a kan babur ɗinsa, yana zuwa garin Nano ranar kasuwa ya dawo ba don sayen komai ba. Daga nan ne ya yarda ya sa wa Awal, wani falken shanu da hanyoyin rugage suka cinye masa inji, bisa sharaɗin cewa duk canjin mai zai kawo a wanke. Makiyaya da fatake suka biyo baya, kowa da wannan sharaɗi. Wanda duk ya saɓa, Malam Aƙilu yakan rufe rumfa ya bi shi har ƙauyensu, ya wanke kalapen ko ya cire shi, bai karɓi ko ruwan sha ba. Wasu sun ɗauke shi mai taɓin hankali, domin babu wanda ya san dalili a garin.

Shekarun ƙarshe

Daada ta rasu a 2018. A shekarar da ta biyo baya ya zo Sokodé ɗaurin auren babban ɗansa, inda Raudatu ta same shi a zaure bayan baƙi sun watse, ta ce, “Inna ta tafi, Malam, yara sun girma. Ka dawo gida haka nan.” Sai ya ce, “Akwai mutane a can da ke hawa aikina. In na taho, wa zai duba musu?” Kashegari ya hau mota ya koma.

A 2022 idonsa ya fara rauni har ya kasa ganin cikin kalape. Da yake bai koya wa kowa aikin ba, kuma bai yarda ya bar shi a hannun wani ba, sai ya ɗauki hayar ɗan zemijan ya riƙa zagaya Dapaong da Nano da rugagen da ke tsakani, yana cire abin da ya ɗaura ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da tiyo yadda ya zo daga kamfani. Masu baburan sun roƙe shi ya bari, bai saurara ba. Wannan zagaye ya ci kusan shekara biyu. Da ya cire na ƙarshe, a watan Afrilun 2024, ya aika wa iyalinsa cewa zai dawo gaba ɗaya kafin Babbar Salla.

Rasuwa

Ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, daidai da 6 ga Zulƙida 1445, maƙwabta suka ga bai fito sallar Asuba ba, aka buɗe ɗakinsa aka tarar rai ya yi halinsa, kayansa a ɗaure cikin buhuna a bakin ƙofa. Ya rasu yana da shekara sittin. An yi masa sutura aka binne shi bayan Azahar a maƙabartar Musulmi ta Dapaong, Awal ne ya jagoranci hidimar. Motar iyalinsa ta iso bayan La'asar. Raudatu ta ƙi komawa Sokodé, ta sa aka kwance buhunan, ta yi takabarta a wannan ɗaki da ba ta taɓa shiga ba yana raye.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Zuhair, malamin makaranta a Sokodé, Sayyada, tana aure a Blitta, Abdulƙuddus, direban babbar mota, da autarsu Hadija, wadda take da shekara biyar lokacin da ya bar gida. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.