Hannun Almu Mai Fiɗa

Kin san Almu mai fiɗa na kasuwar Alaba Rago a Legas, ko ba ki riske shi da ƙarfinsa ba? To shi fa in ya feɗe rago, ɗaga fatar a rana, ba za ki ga huji ba. Sai dai nawa gare shi. In Sallah ta zo, Yarbawa a rumfar tuwona suke zaman jiransa, shi kuwa yana ta ƙasaita.

Ana nan sai ga Zubair daga garinsu, ɗan ƙanwar uwarsa ne ma. Hannu kamar walƙiya. Kafin Almu ya gama da ƙafafu, shi ya rataye nasa. Masu jira suka koma can. Almu ya zauna kan bencina, tuwo na hucewa, idonsa na rumfar Zubair. Wai wannan saurin ba na Allah da Annabi ba ne, wani abu yake haɗiya. Alhali Zubair ko goro ba ya ci.

Shi ne fa Almu ya fara jefa ƙwaya a shayi, irin mai hana gajiya ɗin nan. Da fari ta yi masa rana, har yana wa Zubair gwalo. Daga baya barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya rame kamar kara, yana ta tauna haƙora. Ya ce min ƙirjinsa duka yake kamar ana sussuka. Kowa ya yi dariya, wai wasa yake. Na ce ɗan nan ka bari, ya ce ai so nake Zubair ya gaje shi da ransa. Hannu ya soma rawa, yana huda fata, dillalai na mayar masa. Sai ya ƙara ƙwayar.

Ranar Sallah ya faɗi a kan ragon mutane. Zubair ne ya kinkime shi zuwa asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin dama ya shanye.

Ranar da za a sa shi a mota a mai da shi gida, ya turo min wuƙarsa da hagu, baki a karkace.

“Inna, ɓoye min. In Zubair ya tambaya, ki ce na tafi da ita.”